Hannun Hagun Mubashir Mai Jita

Mubashir ɗan Gusau ne, ɗan Tanko Mai Kalangu, makaɗin 'yan dambe. Wanda ya tashi a gidan nan bai san lallashi ba. Tanko da sandar kiɗa yake koyarwa, in yaro ya kuskure sai ta sauka a gaɓar yatsa, in ya yi kuka a ƙara masa na kukan. Tun Mubashir bai yi gemu ba ya sha ganin haƙoran maza a fage kamar an watsa wa kaji masara.

Kowane ɗan dambe da takensa. In aka buga masa, ko a tabarmar jinya yake sai ya miƙe jiki na tsuma ya nemi abokin karo, don take ba ya tambayar lafiyar mai shi. Wanda ya fi kowane daɗi shi ne na Ɗalhatu Karya-Turmi, wani mahauci mai hannu kamar taɓarya. Wata rana a Talatar Mafara zazzaɓi ya kama Ɗalhatu, ya ce yau ba zai ɗaura zare a hannu ya shiga fage ba. Tanko ya ga 'yan kallo sun fara zamewa, sai ya matse kalangu ya saki taken. Ɗalhatu ya tashi. A kan ƙyaure aka fitar da shi daga fage, idon dama ya tsiyaye har haɓa. Daga nan ba a sake jin ɗuriyarsa ba.

Shi kuwa Mubashir, ranar da uban ya fasa masa goshi, bai jira jinin ya bushe ba ya hau motar Kaduna. A Kakuri wani mai kiɗan coci ya ɗora masa jita mai lantarki a cinya, ya jiyar da shi abin da ake kira buluz, wato kukan baƙaƙen Amurka, da ƙaninsa rok mai hayaniya kamar injin niƙa. Yaro ya gano abin da malamin nasa bai gano ba: in ya danne tsirkiya da yatsun hagu ya tura ta sama, kuka take yi irin na kalangu da aka matse a hammata. Wasu kaɗa jita suke, shi magana yake sa ta. Ba gona gare shi ba, ba takardar boko, yatsun hagun nan su ne gadonsa kaf. Ko lemo ba ya yankawa da kansa, ko ƙofar mota da dama yake rufewa.

Daga Kaduna sai otal-otal na Abuja, daga can wani ɗan Lebanon ya yi masa biza zuwa Dubai. Ya sami gado a wani ɗaki a unguwar Deira, yana kiɗa a otal tare da Issifu, mai ganga daga zangon Kumasi, mutum mai wasa kamar ɗan akuya. Waƙoƙinsa da Hausa yake tsara su, kan haya da kewar gida da matan da suka ƙi shi. Turawa na kaɗa kai suna tafi, da uwarsu zai zaga ma tafin za su yi. Waƙar da ta fito da sunansa kuwa a kan taken Ɗalhatu ya gina ta. A ganinsa wa ya san taken Gusau a bayan teku? Kayan wani, ya ɗauka ya sa a aljihu.

Bayan Babbar Sallah, Hajiya Bilqis mai ofishin aika kaya a kasuwar Naif ta kwashi ma'aikatanta da masu hulɗa da ita zuwa wata gona a Hatta, can bayan gari cikin duwatsu, aka yanka raguna. Ta ɗauko Mubashir da Issifu su yi kiɗa don a san ta isa. Da la'asar aka jona wayar kayan kiɗa, aka shimfiɗa darduma. Can gefe wani tsoho mai baƙin tabarau, cikin masu ɗaure wa Hajiya dilar kaya, yana juya nama a wuta. Mubashir ya dube shi ya wuce. Tsufa ya tsotse mutumin, ba wanda zai ce ya taɓa kashe ko ƙuda.

Da Mubashir ya kai kan waƙar nan, ya tura tsirkiya sama, jita ta kira sunan mai taken. Tsoho ya saki tsinken nama. Ya cire tabarau, ya tuɓe riga, ya zaro igiyar ɗaurin kaya daga aljihu yana naɗe hannun dama, yana taku irin na fage. Mata suka rangaɗa guɗa, sun ɗauka rawa ce. Issifu ya bar ganga ya yi tsalle ya tsaya gabansa, ya miƙa masa dunƙule yana dariya.

"Yalla, Baba, mu taka! A nuna wa yaran nan!"

Ɗan Kumasi ina ya san cewa a fage wanda ya miƙa hannu ya amsa kira? Naushi ɗaya. Muƙamuƙin Issifu ya goce, ya faɗa kan gangunansa jini na bin wuyan riga. Sai a nan Mubashir ya ga ramin idon ya gane Ɗalhatu ne, yatsunsa suka tsaya, amma an riga an kunna wutar. Samari suka rufa wa tsoho. Ya yi ƙasa da na farko, ya fasa wa na biyu hanci, tebur ya kife, garwashi ya watsu kan darduma, yara na ihu.

"Khalas! Ya isa! Ku sake shi, 'yan banza!" in ji Hajiya Bilqis, mayafi a ƙugu. "So kuke 'yan sanda su kwashe mu gaba ɗaya a sa mu a jirgi? Kai mai waya, in ka ɗauki hoton nan sai na ci ubanka!"

Aka ja baya. Ɗalhatu ya nufo Mubashir yana haki.

"Kai ɗan wa ne?"

"Ɗan Tanko ne, Baba."

"Ai na ji hannun. Tsinannen hannu! Ubanka ya ci mini ido, na bar masa ƙasar, kai kuma ka biyo ni har nan?"

"Wallahi Baba ban san kana..."

"Mai taken ya mutu aka ce maka? Ka halarci jana'izata?"

Ɗalhatu ya ɗaga hannu. Mai hankali da ya yar da jita ya ruga. Makaɗi kuwa sai ya ɗaga ta ta wuya ya yi garkuwa da ita, yatsun hagu a waje. Naushin ya haɗa su da katako. Har waɗanda ke bakin motoci sun ji ƙarar, kamar an karya rake.

A asibiti Mubashir ya ce ƙofar mota ce, Issifu ya nuna da hannu cewa faɗuwa ya yi, likita ya dube su ya rubuta abin da ya ga dama. Hajiya ta sa Ɗalhatu a jirgin Kano kafin magana ta yi ƙafa. Yatsu biyu suka warke a sandare kamar ƙusa. Otal kuwa ba gidan ubanka ba ne, kafin a kwance bandeji sun kawo wani ɗan Filifin mai jita.

Mubashir ya koma jera takalma a kwali a lungunan Naif, jita a ƙarƙashin gado. Wata rana a shagon mai turare ya ga 'yar siririyar kwalba da turarenta ya ƙare, ya zura ta a ɗaya daga sandararrun yatsun, ta zauna ɗas. Ya je ɗaki ya goga ta kan tsirkiya. Muryar ta fito, amma ba waccan ba ce. Wannan ba ta kira kowa, shafa take tana nishi kamar tsohuwa a gidan makoki.

Da kwalbar yake kiɗa yanzu, ƙarshen mako, a wani ɗan gidan abinci na Habashawa a Deira, kujeru ba su cika ba. Issifu na bayansa da haƙoran roba, in zai ce "habibi" sai fito ya riga fitowa. Mubashir yana zama nesa da na'urar sanyi, don sanyi na shiga ƙashin. In ya yi waƙa biyu sai a kawo masa ruwan ɗumi a kwano, ya tsoma hannun, ya goge a wando, ya mai da kwalba ya ci gaba.