Noti Na Takwas

A layin makanikai babu mai kiransa da sunan yanka. Kunne ake ce masa tun yana saurayi, domin mota tana shigowa bakin gareji zai ɗaga kai ya faɗi ciwonta kafin direba ya kashe ta. Shekara talatin da huɗu ya yi a ƙarƙashin rumfar kwano guda, da benci ɗaya, da akwatin sifanu wanda ya daɗe da rabuwa da murfinsa. Da wannan akwati ya aurar da 'ya'ya mata uku, ya gina ɗaki biyu da falo. Ba shi da yawan magana, ba ya rantsuwa a kan aiki, kuma ba a taɓa dawo masa da mota a kan gyaran da ya yi ba.

Akwai abin da yake ɓoyewa. Kunnen nan ya fara tafiya. Na dama ya mutu murus, na hagu kuwa yana kawo masa magana kamar daga cikin rijiya. Ya koyi kallon leɓen mutane, ya koyi ɗora tafin hannu a jikin inji ya ji da fata abin da a da yake ji da kunne. Idan ana raha ya ga an yi dariya, sai shi ma ya yi tasa. A ganinsa babu wanda ya gano shi.

Wata rana wajen ƙarfe sha biyu sai ga surukinsa, mijin autarsa, ya shigo da farar akori-kurarsa tana tari. Kiwon kaji yake yi, shi ya sa Kunne yake kiransa Mai Ƙwai a bayan idonsa. Bayan ya gaishe shi cikin ladabi, ya yi bayani cewa motar tana rawa idan ta tsaya, tana mutuwa a kowace mahaɗa, ga wani siririn fito yana fitowa daga cikin injin. Matsalar ita ce ƙarfe huɗu dole ya kasance a wurin masu ƙyanƙyasa, tafiyar awa ɗaya da rabi, ya ɗauki 'yan tsaki dubu ɗaya da ɗari biyar. An riga an zuba su a kwalaye, kuma ɗan tsakon da aka rufe a kwali ba ya jiran kowa.

Kunne ya gyaɗa kai kamar shi ma yana jin fiton. Ya ɗora hannu a kan injin, ya zuƙi fetur da tsohon sirinji, ya bi bakin manifol yana ɗigawa, wato bututun nan mai rassa huɗu da yake kai wa inji iska da mai. Yana zuwa kusurwar baya injin ya zabura a ƙarƙashin tafinsa. Gaskit ne ya cinye, wato 'yar shimfiɗar da ke toshe tsakanin manifol da inji, iska tana shiga ta inda bai kamata ba. Ya ce aikin awa biyu ne.

Ya kwance wayoyi da robobi, ya kwance notuna takwas, ya ɗauke manifol ɗin. Ramuka huɗu suka bayyana a gefen injin, kowane yana gangarawa zuwa cikinsa. Ya toshe su da tsumma, ya kankare tsohon gaskit da reza har ƙarfen ya yi sumul, ya zare tsummokan, ya zaunar da sabon gaskit. Sannan ya zazzage gwangwanin madarar da yake tara notuna a tafinsa.

Bakwai ne.

Ya sake lissafawa da yatsa. Sai ya tuna cewa na ƙarshen bai jefa shi a gwangwani ba, a kan murfin inji ya ajiye shi. Ya kuma tuna gwiwar hannunsa ta shafi wani abu lokacin da yake zare tsummokan. A da, ƙarar faɗuwar kaɗai ta ishe shi sanin ko ƙasa noti ya faɗa ko cikin ƙarfe. Yau bai ji komai ba.

Ya shiga ƙarƙashin motar ya rairaye ƙasa da hannu. Ya duba aljihunsa, ya duba naɗin wandonsa, ya haska tocila tsakanin batir da lagireto. Babu. Gumi ya jiƙa masa wuya. Surukin yana can kan benci yana amsa waya, yana duban agogo, yana cewa yanzun nan zai taso.

Zuciyarsa ta ce masa ai sau tara cikin goma ƙasa abu yake faɗawa. Yana da wani notin irinsa a akwati, ya ɗaure kawai ya sallami mutum. Har ya ɗauko manifol ɗin ya saita shi a kan ƙusoshinsa. Amma ya san abin da noti yake yi idan fistin, ƙarfen nan mai hawa da sauka a cikin inji, ya same shi a guje: inji ya tarwatse a tsakiyar titi, da kaya a baya, da mijin 'yarsa a kan sitiyari. Ya zare manifol ɗin, ya sauke shi a ƙasa.

Ya kira surukin ya gaya masa noti ɗaya ya ɓace, kuma ba za a tayar da motar ba sai an gan shi. Fuskar mutumin ta canza. Ya sake duban agogo. Biyu saura kwata.

Kunne ya fasa wata tsohuwar sifika, ya ɓanɓaro ɗan guntun maganaɗisu, ya ɗaure shi a bakin waya mai lanƙwasa, ya shiga zura ta cikin ramukan nan huɗu. Ramin farko babu, na biyu babu, na uku ma haka. A na huɗu wayar ta zarce ƙasa fiye da sauran, domin bawul ɗinsa, wato 'yar ƙofar da ke rufe ƙarshen ramin, a buɗe yake. Can cikin duhu ko'ina ƙarfe ne, maganaɗisun yana manne wa duk abin da ya taɓa. Sai da kunne za a bambanta ƙarar noti da ta bango.

A sunkuye ya yi wa surukin magana, bai ɗago kai ba.

"Zo ka sa kunnenka a nan. Ni ba na ji. Na daɗe ba na ji."

Surukin ya zagayo ta gefen hagunsa, ya matso da bakinsa kusa.

"Mun sani, Baba. Ya fi shekara. Ba ku lura duk gida ta hagu ake zama muku ba?"

Kunne ya ji kamar an watsa masa ruwan sanyi, amma babu lokacin jin kunya. Surukin ya kwantar da kumatunsa a kan injin, bai damu da baƙin man da ya ɓata masa riga ba. Kunne yana juya wayar a hankali, shi kuma yana girgiza kai. Minti biyar, minti goma. Can sai ya ɗaga yatsa, ya ce ya ji wani abu ya yi tsalle ya manne.

Kunne ya fara jawowa, numfashinsa a ɗauke. Wayar ta zo bakin bawul ta tsaya, ya ji nauyin ya suɓuce daga yatsunsa. Babu wanda ya dubi wani. Ya sa sifana a gindin injin ya juya shi kaɗan, kaɗan ƙwarai, don bawul ɗin ya ƙara buɗewa, yana addu'a kada fistin ya taso ya matse abin. Suka sake daga farko. A karo na uku notin ya fito, baƙi ƙirin, yana lilo a bakin waya.

Bai yi gaggawar ɗaurewa ba duk da haka. Daga tsakiya ya fara, yana fita gefe da gefe, kowane noti sau biyu, don gaskit ya kwanta daidai. Da aka tayar da motar ya ɗora hannu ya ji ta lafa, ya tambayi surukin ko fiton yana nan. Aka ce ya tafi.

Ƙarfe uku da minti goma motar ta fita. Ta isa a makare, kuma 'yan tsaki ashirin da wani abu zafi ya kashe su a kwali. Surukin bai taɓa ambata wannan ba, wurin autarsa Kunne ya ji daga baya, ya yi kwana biyu abinci ba ya masa daɗi.

A ƙarshen watan matarsa da autar suka sa shi gaba zuwa asibiti. Likita ya ce kunnen dama sai haƙuri, na hagu kuwa aka sa masa 'yar na'ura. Har yanzu yana ƙarƙashin rumfarsa. Yakan cire na'urar idan zai yi aiki da guduma, da kuma duk lokacin da matarsa ta ɗauko zancen ya bar gareji ya zauna a gida ya huta.