Ranar da na miƙa wa ƙanena butar shayi

Da ana mayar da magana cikin baki, akwai guda da zan mayar. Na faɗe ta wata la'asar a fadarmu ta shan shayi, nan Madarunfa, kuma ba zan manta da ita ba har in koma ga Allah.

Ƙanena direban kamiyo ne, wato babbar motar kaya, shekara ashirin yana ɗaukar wake zuwa iyaka. Da ciwon baya ya sauke shi daga mota, sai ya kakkaɓe tsohuwar takardarsa ta koleji, ya shiga makarantar koyon aikin jinya a Maradi. Yana da shekara arba'in da ɗaya, ƴan ajinsu sa'o'in ƴarsa ta fari. Ni kaɗai ya gaya wa cewa in malam ya kira shi gaban allo, hannunsa rawa yake yi har alli ya faɗi.

A fadarmu, mafi ƙanƙanta shi ke dafa shayi. Ƙanena ya wuce wannan matsayi da daɗewa. Ran nan ya zo da jakar littattafai a kafaɗa, ya zauna cikin manya. Ni kuwa ban wuce aji shida ba. Na ɗauki buta na miƙa masa.

"Ɗan lakwal, ɗan boko, kai ne ƙaraminmu yanzu. Amma riƙe da kyau, kar ta bi alli."

Aka yi dariya. Ya hura gawayi, ya dafa, ya zagaya da kofi har kaina, sannan ya ɗauki jakarsa ya tafi.

Bayan mako biyu matarsa ta same ni a gida. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce tun ranar bai koma makaranta ba, kuma in ya ƙara mako guda za a cire sunansa. Na je na tarar da shi zaune a zaure. Na fara kame-kame, wai wasa ne.

"Yaya," ya ce, "yaran ajinmu ba su taɓa yi mini dariya ba."

Ya koma, amma ba ni na mayar da shi ba. Matarsa ce take zama kowace safiya, ita da ba ta san boko ba, ta sa shi ya tsaya ya yi mata bayanin darasi har muryarsa ta daina karkarwa. Yau yana aiki a wani asibitin karkara wajen Gabi. Yana gaishe ni, yana duba mini hawan jini, amma bai sake gaya mini abin da ke ransa ba.

Don Allah, in babban mutum ya koma aji ya nuna muku inda yake jin tsoro, ku rufa masa asiri. Kar ku yi abin da na yi.