Mutumin da Aka Ambata Sau Uku

A ofishin tantance bincike na wata jami'a a birnin Iași, Ruxandra, malamar lissafi, na zaune a benci tana jiran layi ya zo kanta. A gabanta wani dattijo ne da ba ta sani ba, dogo, kwat ɗinsa ta koɗe a gwiwar hannu, ƙasa ta maƙale a faratansa. Wataƙila tsirrai yake nazari, wataƙila rabin rayuwarsa a kan duwatsu ta ƙare. Ya rungume jaka, yana kallon kwamfuta kamar mai kallon bango.

Kowa a layin ya san dokar bana: wanda ba a ambaton aikinsa a intanet, za a rufe masa ɗakin bincike.

"Farfesa, shafinka na intanet ko hoto babu," in ji ma'aikaciyar da ke tantance dattijon. "Kuma sau uku kacal aka taɓa ambaton aikinka."

"Na sani, 'yata. Biyu ni na ambaci kaina."

"Na ukun fa?"

"Matata ce, kafin ta rasu."

Ba rawa a muryarsa, kamar mai faɗin lambar bas. Ma'aikaciyar ta ɗaga wayarta.

"To, mu fara da hoton. Ɗan murmusa mana."

Dattijon ya ajiye jakar, ya gyara wuyan riga, ya buɗe haƙora. Idanunsa ba su ma san ana murmushi ba. An ɗauka, an gama, amma yana nan tsaye a haka, yana jira a ce masa ya isa.