Rabon Imran a Kwanon Ya Gumsu

Haihuwa da Tasowa

An haifi Gumsu Babakura, wadda aka fi sani da Ya Gumsu Mai Nakiya, a shekarar 1961 a unguwar Abbaganaram da ke tsohon garin Maiduguri. Mahaifinta, Malam Babakura, maɗinkin hula ne, mahaifiyarta kuwa, Ya Kaltum, ita ake kira duk gidan da za a yi nakiyar biki. Gumsu ta yi karatun allo a zauren gidansu, ta kammala firamare a 1974, amma da bakinta takan ce babbar makarantarta ita ce gindin turmin mahaifiyarta. A nan ta koyi jiƙa shinkafa da daka ta, da soya garin sama-sama, da kirɓa shi da zuma da man shanu har ya kama jikinsa. A nan kuma ta gaji wata ƙa'ida: ranar Sallah ba mai sa nakiya a baki sai ya ambaci abu guda da ya gode wa Allah a kansa.

Aure da Iyali

A 1979 aka ɗaura mata aure da Malam Mikail, mai fataucin busasshen kifi a kasuwar Baga Road, suka zauna a unguwar Dala, nan cikin Maiduguri. Allah ya azurta su da Muhsinat a 1982, da Imran a 1988, sai Ammatullahi a 1993. Duk da laƙabin da ta samu, ba ta taɓa sayar da nakiya ko ta sisi ba. Ta Sallah take yi, ƙarama da babba, a cika kwanuka a bi gidajen maƙwabta, har da na Nwanneka mai shago, wadda kan mayar da kwanon cike da cincin idan Kirsimeti ya zo.

Godiyar Ya Gumsu ba ta manyan abubuwa ba ce: famfo ya kawo ruwa, ciwon gwiwa ya lafa, akuya ta haihu lafiya. Idan yaro ya nemi zillewa ya ce ya gode a kan komai, sai ta janye kwanon ta ce, "Ban yarda ba. Faɗi guda ɗaya." Imran kuwa, ja'iri, kowace shekara nakiyar ce abin godiyarsa, kowace shekara kuma sai ya sha muciya a baya. Da ya zama saurayi shi ya karɓi kirɓin daga hannunta, abokai na yi masa tsiya wai namiji da taɓarya, shi ko a jikinsa, tunda shi ke kankare turmi.

Shekarun Rikici

Daga 2009 al'amura suka dagule. Zumar da ake kawowa daga duwatsun Gwoza ta yanke, man shanu ya yi tsadar da sai an rufe ido, a 2012 kuma Nwanneka ta kwashe iyalinta ta koma garinsu. Ya Gumsu ta koma yi da sukari, tana ba mutane haƙuri kamar ita ta toshe hanyar.

A ƙarshen azumin 2014 Imran, wanda a lokacin ya gaji tafiye-tafiyen mahaifinsa, ya bi mota zuwa Baga ɗauko kifi. Da zai tafi, shinkafa na shanye a tabarma, ya leƙo ya ce, "Mama, kada su Ammatullahi su cinye mini rabona." Motar ba ta isa Baga ba, ba ta dawo ba, har yau kuma ba a samu wanda ya ga inda ta yi ba.

Ranar Sallah Ya Gumsu ta kirɓa nakiyarta da kanta, ta ɗebi rabonsa ta zuba a kwano ta rufe, ta ɗora a kan kabad. Ba wanda ya zaci za a yi zancen godiya. Ita ta fara. Ta ce, "Na gode wa Allah da ba a kawo mini gawarsa ba." Maganar da ta riƙa faɗa ke nan kowace Sallah har ƙarshen rayuwarta.

Shekarun Jira

Nakiya aba ce mai jure ajiya, takan yi watanni ba ta canza ba, wannan kuwa ya yi wa Ya Gumsu daidai. Idan wata Sallar ta zo sai ta zuba sabuwa, tsohuwar ta ɗaure a leda ta nufi sansanin 'yan gudun hijira, ta nemi waɗanda suka fito daga wajen Baga. Tana raba musu tana kwatanta shi: dogo ne, yana da wushirya, ba ya rabuwa da dariya. Wasu su ce kamar sun ga mai kama da shi, wasu su sunkuyar da kai. Ta sha dawowa tana kuka, domin kewar ɗan nan ta ci ta ƙwarai, ba ta kuma ɓoye ba.

A 2018 Malam Mikail, bayan ya yi shawara da malamai, ya nemi a tara jama'a a yi wa Imran addu'ar mamaci, ko zukata sa huta. Ta ce masa, "Malam, a yi masa addu'ar matafiyi, ni zan dafa abincin. Waccan kuwa, ba da ni ba." Wannan ne kaɗai saɓanin da aka san sun yi a zamansu. Shi ya ci gaba da cewa marigayi Imran, ita ta ci gaba da wanke kwano.

Rasuwa

Ya Gumsu ta rasu ranar Asabar, 17 ga Yuli, 2021, ana dab da Babbar Sallah, bayan gajeriyar jinya, tana da shekara sittin, shinkafarta na jiƙe a roba. An yi mata sallah a ƙofar gidanta da ke Dala, aka binne ta a maƙabartar Gwange. Da liman ya tambayi Malam Mikail 'ya'ya nawa ta bari domin a sanar da jama'a, dattijon ya ce, "Uku."

Allah ya jiƙanta, ya sa Aljanna ce makomarta. Ta bar mijinta da jikoki biyar, da 'ya'yanta: Muhsinat, wadda ke aure a Abbaganaram; Ammatullahi, malamar firamare, wadda ta ƙarasa kirɓa nakiyar wannan Sallar; da Imran, wanda rabonsa ke cikin kwano a kan kabad.