Ƙudaje a Hanci

Wata Laraba ce cikin damina, shekarar da naira ta kori fam. Ina tsakar gida ina tsince tsakuwa a wake, Inna tana surfe, sai na ji ta ce wa ƙanwarta, "Kwashe tasoshin nan, Larai mai kitso na tafe, kin san dogon hannu gare ta." Larai na zama a tabarma na matso, na ƙare wa hannunta kallo, na ce, "Inna ta ce hannunki dogo ne, ni ban ga ya fi nata ba." Marin da na sha, har yau kunnena na hagu bai manta ba. Larai ta yafa gyalenta ta fita, har ta mutu ba ta ƙara taka gidanmu ba. Da tsohon kitso muka yi sallar shekarar.

Haka muka koyi magana, a bakin rijiya, a gindin murhu, wajen wasan carafke. In babba ya ce bakinki da kaifi, ba madubi za ki nema ba, ƙofa za ki nema.

Yanzu ina Doha, a unguwar Madinat Khalifa, gidan ɗana likita. 'Yarsa Amira za ta tafi Poland karatu, wai sai ta iya salon maganarsu. Tun safe tana miƙe a kujera, kunnuwa a toshe, tana "shh, shh" kamar mai korar kaji. Waya ce malamarta. In ta yi kuskure, wayar ta ɗan yi ƙara, khalas, shi ke nan. Wai wannan shi ne koyo! Rannan ta ga na haɗe rai, ta kwashe da dariya: "Hajiya Kaka, a Poland cewa za su yi kina da ƙudaje a hanci." Na ce, "Hancin ubanki. Mutanen da sanyi ya kashe wa ƙuda, ina suka san shi?"

Ƙudajensu ba su dame ni ba. Yarinya ce za ta ƙasar da ba mai tsawata mata. Da ta fara haɗa kaya na zaunar da ita, na ce, "Ki kama kanki a can. Kada in ji idonki ya buɗe."

Ta ce, "To Kaka, a rufe zan yi karatun?"

Na duba fuskarta, ba wasa take yi ba. Na buɗe baki in warware mata, na rasa da wane yare zan yi.