Sunan 'Yar Fari a Ƙal'ar Bakin Teku

Tun ranar da maigidana Malam ya dawo daga karatu ya ce ɗalibai sun shirya ziyara zuwa Iskandariyya, kuma da iyali za a je, hankalina bai sake kwanciya ba. Tekun bai dame ni ba, jirgin ƙasan ma haka. Yarinyata ce damuwata. Shekararta uku lokacin, ƙafarta ba ta zama wuri ɗaya. A nan unguwar Faisal ma, inda muke zaune a Masar, in za mu tsallaka titi, sai na damƙe hannunta har shatin yatsuna ya fito.

Ita ce ta fari, don haka ban taɓa kiran sunanta ba. Haka muka taso a gida. Innarmu har ta yi wa babban yayanmu aure ba mu ji ta ambaci sunansa ba. "Ke" nake ce wa tawa, in kuma da mutane, "yarinyar nan". Hajiyar da ke saman bene, Bahaushiyar Sudan, kullum sai ta tsokane ni. Wai in na tsaya a bakin titin Faisal na ce "ke", matan unguwar kaf za su juyo, ban da 'yata. Sai in yi dariya in wuce.

Da sassafe muka hau jirgi, yarinyar tana bayana, na ɗaure goyon da zani na ƙara da majanyi. Da muka sauka, mota ta kai mu har inda ƙasa ta yi tsini ta shiga ruwa. Can ƙarshe ginin da muka zo gani yake, na dutse mai launin rairayi. Ƙal'a suke ce masa, wato gidan da soja ke zama su tsare gari. Yanzu wurin shan iska ne. A hanyar shiga ana sayar da gasasshiyar masara da kwanson dodon koɗi, wasu sun jera da sandunan kamun kifi.

Ni karatuna bai yi nisa ba, Malam ne yake karanta allunan yana gaya mini. Ya ce wani sarkin Masar na dā ne ya gina shi, don jiragen yaƙi ta ruwa suke zuwa. Kafin nan wata doguwar hasumiya ce a wurin, ana kunna wuta a kanta don matuƙa jirgi su gane hanya, sai girgizar ƙasa ta rushe ta, aka kwashi duwatsunta aka sa a wannan ginin. Na duba, lallai wasu duwatsun na bakin ƙofa jajaye ne manya, ba irin sauran ba. Ya nuna mini rami a saman ƙofar, ya ce ta nan ake zubo wa abokan gaba tafasasshen mai. Daga baya jiragen Turawa suka yi masa luguden igwa, ya daɗe a lalace kafin a gyara.

Shi yana maganar sarakuna, ni ramuka nake ƙirgawa. Ko'ina taga ce a jikin bango, mai faɗi ta ciki, tana tsukewa ta waje. Wasu daidai tsawon yaro.

Maza suka hau sama ɗaukar hoto. Yarinyar ta dame ni da zillo, ga zafi, bayana ya jiƙe. Na sauke ta a tsakar filin, na sunkuya in gyara zanina, na ciro gorar ruwa daga jaka. Ina ɗagowa babu ita.

Na duba bayan wata tsohuwar igwa da aka ajiye don kallo. Na leƙa ƙofa biyu. Ina ta cewa "ke, ke", ba wanda ya ko kalle ni. Wayar Malam tana shiga ba ya ɗauka, iska ta yi yawa a sama. Sai wani dattijo mai gadi ya taso daga kujerarsa. Da ɗan Larabcin da na tsinta a kasuwa na ce masa yarinya, ƙarama, jar riga. Ya ce tamam, wato ya gane, mene ne sunanta?

Na ji tambayar sarai. Amma bakina ya ƙi buɗewa. Na sake ce masa jar riga. Ya maimaita a hankali, yana zaton ban gane ba. Da ya ga na sunkuyar da kai, sai ya tambaye ni ko ni ce uwarta kuwa. Na ce ni ce.

Sai ya ce yalla, wato mu je, ya yi gaba na bi shi. Muka sauka wani dogon lungu mai duhu da ya bi bangon teku, ɗakuna a jere, kowanne da tagarsa. Ya ce nan ne mazaunin igwa a dā, kuma nan yara suka fi gudowa saboda sanyi. Ya ce murya tana tafiya a lungun daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Ƙarar ruwa tana dukan duwatsu a ƙasa. Ya tsaya ya dube ni.

"Ya 'yata, ni ba ta san muryata ba. Ke za ki kira."

Kiran farko ni kaɗai na ji. Na biyu na rufe ido na kira da duk ƙarfina. Sunan ya bi lungun ya dawo mini, kamar wata ce ta faɗa.

Can gaba muka ji "na'am".

A ɗaki na huɗu take. Ta hau cikin tagar ta kwanta rub da ciki, kanta a waje, tana kallon kumfar ruwa. Takalminta ɗaya ya faɗi ƙasa ta ciki. Dattijon ya yi mini alama kada in yi ihu. Na taka a hankali na kama ƙafarta na jawo ta. Ban doke ta ba. Na juya ta baya na ɗaure, ya miƙo mini takalmin, ya ce ma'alish, wato ba komai.

Muna hawowa fili sai ta leƙo ta kafaɗata ta ce, "Umma, ashe kin san sunana?"

A jirgin komawa na ba Malam labari. Ya ce ranar suna ni ya fara gaya wa sunan kafin kowa, bai san ajiye shi zan yi ba. Hajiya kuwa da ta ji, ba ta tsokane ni ba. Shayi ta haɗa mini, ta zauna har na shanye.

Har yau a gaban baƙi "yarinyar nan" nake cewa, kuma in muka koma gida ba zan kira sunan gaban Inna ba. Amma kowace safiya in ina shafa mata mai, daga ni sai ita, nakan faɗe shi sau ɗaya, ta amsa.

In kina da ɗan fari, kuma kina zaune a gari irin wannan, don Allah ki riƙa kiran sunansa ko a cikin ɗaki ne, bakinki ya saba, shi ma ya san shi da muryarki.