Takalman Kaka

A ɗakin maza na asibitin unguwarmu, duk mai son sanin halin da majiyyaci yake ciki ƙafar kakata yake kallo. Likita yakan ce "sai mu ga abin da Allah zai yi," amma takalmin Kaka ba ya ɓoye-ɓoye.

Kaka, mahaifiyar babanmu, ba ma'aikaciyar asibiti ba ce, ko sunan magani ba ta iya faɗa daidai ba. Ita ta ɗora wa kanta jinyar waɗanda ba su da mai jinya. Kakanmu a wannan ɗakin ya cika, lokacin da ta fita sayo masa magani. Ta dawo da leda a hannu, ta tarar an ja masa zane har ka. Ba ta taɓa ba mu labarin da bakinta ba, a wurin Gwaggo, ƙanwar Baba, muka ji. Tun daga ranar, hantsi na yi za ta ɗauki kwandonta, da mafici da tsumma da sabulu da kofin roba a ciki, ta kama hanya. Ɗan dakon da mota ta kaɗe, tsohon da 'ya'yansa suka ajiye suka ce za su je su dawo, baƙon da ba mai jin yarensa, duk nata ne. Ta goge musu jiki, ta juya su kada bayansu ya yi gyambo, ta zubar da fo, ta yi faɗa da mai rabon abinci in ya tsallake gadonsu.

A gida kuwa tukunyarta ta sha ƙonewa. Gwaggo takan ce, "Iya dai inuwar giginya ce, na nesa ka sha."

"Ku da kuke da ƙafa da baki," in ji Kaka, "inuwar me kuke nema?"

Takalmin baƙin sau-ciki ne na roba, dunduniyar hagu ta cinye. Mai sharar ɗakin ce ta fara lura. In Kaka tana sa ran mutum zai tashi, da takalminta take yi masa hidima. Amma in ta ga abin da take gani, sai ta cire su, ta jera a ƙarƙashin gado, ta ja kujera ta zauna, ta riƙe masa hannu. Da wuya a kwana biyu ba a ja labule ba. Maganar ta bazu, har dangin wasu majiyyata suka riƙa kauce mata a baranda, suna gaishe ta idonsu na ƙasa.

Ni da ba na iya haɗiye tambaya, shi ya sa take kirana Aku, na tare ta wata rana tana shanya tsummokaranta.

"Kaka, wai gaskiya ne takalminki na jin warin mutuwa?"

Ta ɗaka mini duka da jiƙaƙƙen tsumma. "Aku sarkin surutu! Roba ce za ta ji wari? Mai takalmi a ƙafa mai shirin tafiya ne. In mutum ya zo gaɓa, abin da yake tsoro shi ne a fita a bar shi. In ya ga na cire, ya san ba inda za ni."

Na yi dariya a lokacin. Dariyar ta ƙare shekarar da ciwon ƙirji ya kayar da Baba a kan kekensa na ɗinki, aka kwantar da shi a wannan ɗakin, a gadon da ke jikin taga.

Kaka ta shigo da kwandonta kamar kullum. Ni da Gwaggo da mahaifiyata ba wadda ta kalli fuskarta. Takalman na ƙafa. Muka sauke ajiyar zuciya a tare, har ta ji.

Jikin Baba ya yi ta tsanani. Aka sa masa robar iska a hanci, ƙirjinsa na ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Likita ya daina tsayawa hira, nas-nas suka rage murya in sun zo kusa da mu. Na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba. Duk safiya ina shiga, kafin in gaida kowa sai na leƙa ƙarƙashin gado, in na ga wayam sannan numfashina ya dawo.

Kaka ta daina komawa gida. A kujera take barci a zaune, ta ce kwanciya na toshe mata numfashi. Ƙafafunta suka kumbura, nama ya tumbatso ta bakin takalmin kamar kwaɓin fulawa da ya tashi. Mun gani sarai, muka ce zama ne. Ran nan ta sunkuya za ta sosa idon sawu, Gwaggo ta yi wuf ta riƙe mata hannu.

"Iya, don girman Allah!"

"Ƙaiƙayi nake ji, 'yar nan."

"Ki daure."

In ta fita alwala takalmin ya ƙi komawa, Gwaggo ce ke durƙusawa a baranda, ta shafa mata mai, ta tura ƙafar da ƙarfi. Kaka ta cije leɓe, ta shigo tana dafa bango. A haka ma ba ta bar tsohon da ke gadon ƙarshe ba, wanda ba shi da kowa. Ta je ta juya shi, ta dawo tana haki.

Wata rana da la'asar, lokacin ziyara, ɗakin cike da mutane, Baba ya yi wani barci mai nauyi da bai yi irinsa ba tun zuwanmu. Kaka ta daɗe da tafin hannunta a goshinsa. Sai ta sunkuya a hankali, ta kama dunduniyar hagu tana ja. Takalmin ya ƙi, ta yi ta fama, sannan ya fita. Ta cire ɗayan, ta jera su a ƙasa. Mai shara ta tsaya cak da tsintsiya a hannu.

Gwaggo ta ɗora hannu a ka ta ƙwala ihu. Mahaifiyata ta zube.

Baba ya buɗe ido. "Wai wa ya mutu?" ya ce da dasasshiyar murya. "Ku ba ni ruwa."

"Ku rufe mini baki," in ji Kaka. "Tela ya tsallake, zazzaɓin ya sauka."

"To takalmin fa, Iya?" in ji Gwaggo.

"Tela kaɗai ne mai rai a ɗakin nan?"

Ihun ya jawo nas. Ta dubi Baba, sannan idonta ya faɗa kan ƙafafun Kaka. Ta durƙusa ta danna ɗaya da babban yatsa, ramin ya zauna bai ciko ba.

"Tun yaushe ƙafar nan take haka?"

Duk tsawon kwanakin nan idonmu na kan ƙafar, amma takalmi muke kallo.

Zuciya ce, in ji likita, kuma ta daɗe tana gajiya. A keken marasa lafiya aka tura ta ɗakin mata, tana ta jaddada wa mai shara cewa a juya tsohon gadon ƙarshe kafin magariba. Baba ya warke, har yau yana ɗinki, kwandon na rataye a shagonsa.

Washegarin ranar da aka kwantar da Kaka, da hantsi, na shiga wurinta da kofin shayi. Na tsaya a gefen gado ina zuba surutu, wai ta yi kyau, wai jibi za a sallame ta. Ta bar ni na gama. Sannan ta sauke ido ta kalli ƙafata.

"Aku," ta ce, "cire takalminki ki zauna."